Wai me ya sa ake tsallake I da O a lambar kujeru?

Mai Fenti Jahun:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya mai sani ya taimaka. Ni sana'ata rubutu da fenti ce, irin allon shago da na makaranta da rubutun jikin mota haka. To a garinmu nan wajen Jahun an yi karo-karo an gina ɗakin taro a sakandare, an zuba bencina layi 15, shine aka ce in zo in sa wa kowane layi harafi kowane mazauni kuma lamba, sbd ranar bada kyaututtuka da taron iyayen yara a daina rigimar wajen zama. Wanda ya zana takardar wani yaron garin ne da yake aiki a Dutse, ina dubawa sai naga daga H ya yi tsalle ya faɗa J babu I, can ƙasa kuma daga N sai P babu O. Layi 15 ai in ka ƙirga a O ya kamata ya tsaya amma nashi sai da ya kai Q. Na kira shi yace min haka ake yi a manyan wurare in rubuta kawai, wai yana cikin mitin. Ni kuma abinda nake gudu makaranta ce fa, gobe yaro ɗan aji ɗaya ya shigo ya ce mai fentin nan bai iya ABCD ba, ga sunana a ƙasan duk wani allo da ke garin nan. Wai da gaske haka ake yi? Meye dalili? Ko dai wani camfin turawa ne muke shirin kwasowa?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam. Yaron nan bai yi maka ƙarya ba, haka ake yi a gidajen silima da manyan ɗakunan taro da filayen ƙwallo da yawa, kuma babu camfi a ciki ko kaɗan. Ɗauki alli ka gwada a ƙasa yanzun nan. Rubuta layin I kujera ta 11 a haɗe, zaka ga I11, sanduna uku a tsaye, wanda ya karɓi tikitin zai ce ɗari da sha ɗaya ne. Rubuta layin O kujera ta 10 kuma, O10, kowa sifiri ɗaya sifiri zai karanta. I da 1, O da 0, Hassan da Husaini ne, wanda ya haife su ma sai ya kalla sau biyu. Balle a silima da ake kashe fitila, mutum ya shigo an riga an fara, mai nuna waje yana haska tikiti da 'yar tocila mutane na bayansa suna jira, ba shi da lokacin tsayawa tantance sanda ce ko harafi. Sai masu wuraren suka ga tunda haruffa 26 ne kuma ba kasafai ake cinye su duka ba, a jefar da masu kawo rigimar a huta. Wasu har Q suke cirewa don in ɗan wutsiyar nan ya goge ko fenti ya yi ƙura ta koma O.

Amma fa ba doka bace, babu wanda zai kama ka. Akwai wuraren da suke da layin I ɗinsu lafiya lau. Kuma in layuka sun wuce Z sai kaga sun koma AA, BB haka.

Alhajin Gaya:

Allah ya saka Baban Hanifa, ka warware min wani abu da ya daɗe yana cina. Shekarar da Allah ya kira mu Makka babban jirgin nan muka hau, Boeing 747, wanda kujerun suke uku a hagu huɗu a tsakiya uku a dama, goma kenan a jere. Katina kuma K aka rubuta, jikin taga. Ni da na yi firamare na san K ita ce ta sha ɗaya, na zauna ina ta ƙirga kawunan mutanen layinmu ina samun goma, har na fara tunanin ko akwai wata kujera da aka cire. Ashe A B C ne, sai D E F G, sai H J K, I ɗin ce babu. To a jirgi ma ai abin ya fi muni don lambar layi da harafin manne suke, 31I ka gani da 311 meye bambanci, ga dattawanmu da yawa ido ya yi rauni ga ɗoki ga gajiyar sansanin alhazai.

Ɗan Baiwa 09:

Hhh ku dai ku faɗi gaskiya camfi ne, turawan nan fa sun fi mu camfi wlh sai dai su basa yarda. Ba sune basa sa layi na 13 a jirgi ba? Daga 12 sai 14. To wanda ya ji tsoron lamba me zai hana shi jin tsoron harafi

Baban Hanifa:

Ƙanina ka haɗa abu biyu ne da ba gidansu ɗaya ba. Maganar 13 gaskiyarka, wannan kam camfi ne tsagwaronsa, akwai kamfanonin jirgi da basa sa layi na 13, kamfanin Lufthansa na Jamus ma har 17 yake tsallakewa sbd a Italiya da Barazil 17 ce ake ganin ba ta da sa'a. A Chaina kuma 4 ake gudu don a yarensu furucinta ya yi kusa da na mutuwa, zaka shiga dogon bene ka tarar babu hawa na 4 a jikin lif. Shi kamfani ba wai ya yarda da abin bane, fasinja yake lallashi kar wani ya ce ba zai zauna ba. To amma ka taɓa jin wanda yace harafin I na kawo tsiya? Babu. Gane bambancin ma abu ne mai sauƙi, 13 a wasu ƙasashe ake gudunta wasu ko a jikinsu, ita kuwa I ko'ina ka je dalilin ɗaya ne, ido ne yake ruɗewa.

Akwai ma wani tsallaken na uku a jirgi da ba camfi ba kuma ba ruɗewar ido ba. Ƙananan jirage masu kujera biyu nan biyu can, da yawa A C ne sai D F, babu B babu E. Dalili a jirgi mai uku-uku A da F sune jikin taga, C da D bakin hanya, B da E na tsakiya. Sai aka bar tsarin yadda yake ko a ƙaramin jirgi don ma'aikaciya da ta ga C ta san bakin hanya ne ba sai ta tambayi wane jirgi bane. Tunda babu kujerar tsakiya sai harafinta ya tafi da ita.

Mai Gareji Dambatta:

Ni a ɓangarenmu zan yi magana don wannan abin muna cin abinci da shi. Kusan duk motar da ka gani ta zamani, lambar casis ɗinta guda 17 ce haruffa da lambobi a cakuɗe, tun 1981 aka tsayar da hakan a Amurka, kuma a cikin 17 ɗin nan ba zaka taɓa samun I ko O ko Q ba, an haramta su gaba ɗaya. Je ka leƙa ta ƙasan gilashin gaba wajen direba ko jikin ginshiƙin ƙofa ka duba da kanka. Duk abinda ka gani zagayayye sifiri ne, duk sanda a tsaye ɗaya ce, shikenan babu gardama. Kuma ka san inda ake buga lambar nan, jikin ƙarfe ne, ga tsatsa ga baƙin mai ga ƙurar hanyar ƙauye, wani lokacin sai mun goga da fetur mun haska da waya muna kwance a ƙasa muke karantowa. Da ace akwai O da 0 duka da an sha wahala.

Ni har amfani nake da shi in mutum ya kawo min mota zai saya yace in duba masa. In na karɓi takardu naga an buga harafin O ko I a cikin lambar casis na san ko dai mai buga takardar ne ya yi ganganci ko kuma akwai lauje cikin naɗi, sai ince masa kar ya biya tukunna a je a gyara ko a bincika. Kuma in zaka yi odar kaya da lambar casis harafi ɗaya ya kuskure wata motar daban kwamfuta zata nuna maka, ka biya kuɗin mota a kawo maka abinda ba zai hau ba.

Don haka malam mai fenti rubuta abinka, injiniyoyin da suka ƙera mota ma sun tsallake kuma ba wanda yace basu iya ABCD ba.

Tsohon Akawu:

Yaran yanzu ba zaku san wannan ba. Lokacin da muke aiki da tafireta a ofishin ƙaramar hukuma, da yawa daga tsofaffin injinan nan babu maɓallin lamba 1 sam, layin lambobin daga 2 yake farawa. In zaka buga ɗaya ƙaramin harafin l kake dannawa, shi ne ɗayan. Wasu tsofaffin sosai ma babu sifiri sai ka buga babban O. Wato su kansu masu ƙera injin sun yarda abu ɗaya ne a ido har suka yi tsimin maɓalli. To tikitin da aka buga da irin wannan injin ta yaya zaka bambance? Da kwamfuta ta zo ita kuma ba ta yarda da wannan ba, a wajenta O daban 0 daban ko da kai baka ga bambanci ba, shi ya sa zaka ga wasu na ja wa sifiri layi a karkace ta tsakiya.

Wani abin kuma, ba ko'ina bane I ake jefarwa, wani wajen J ce ta sha kashi. Da can a rubutun turawa I da J harafi ɗaya ake ɗaukarsu, sai a 1524 wani ɗan Italiya Trissino ya fara raba su a rubuce, kuma an daɗe bayan nan ana cakuɗa su musamman a rubutun hannu. Shi ya sa birnin Washington da aka sa wa tituna sunan haruffa akwai titin I akwai titin K amma babu titin J har yau. Sojan Amurka ma da suke sa wa rukunonin dakarunsu haruffa sun daɗe daga I sai K suke yi. Kun ga can an riƙe I an saki J, a jirgi an riƙe J an saki I, kowa da wanda ya dame shi.

Alaramma Ƙarami:

Allah ya ƙara sani Baba Akawu. Mu ma na tsangaya mun san irin wannan. Wanda ya tashi da rubutun allo irin namu na warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ranar da ya fara buɗe bugun hafsu sai ya tarar fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu, in ba a faɗa masa ba duk fa ɗin da ya gani ƙaf zai karanta. Sannan Alhaji da ya je Makka zai shaida, lambobin larabawa biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifirinmu, sifirinsu kuma ɗigo ne kawai, ɗayansu kuma alif ce sak. Mutum ya ga ɗaki na 15 a masauki ya karanta 10 ya je yana ta buga ƙofar wasu. Ba ruwan wannan da ilimi ko jahilci, ido abinda ya saba gani shi yake kawo maka.

Malama Maman Sadiq:

Sallama gareku. Duk na karanta bayananku kuma sun gamsar, amma ni ina koyarwa a firamare a ƙauye kuma ina ganin akwai abinda kuka bari. Duk misalan nan na mai karantawa da ido ne, jirgi da silima da mota. Shi kuma ɗakin taron nan su wa zasu cika shi? Iyayen yara ne, manoma da matan gida, da yawansu ba boko suka yi ba, ba tikiti zasu duba ba, wani ɗalibi ne zai tsaya a bakin ƙofa yana cewa Baba ku tafi layi kaza, ko a faɗa a lasifika mai ƙara. Kenan kunne ne zai yi aikin. To a bakin bahaushe wane harafi ne ya fi rikici? F da P mana. Mu a Hausa bamu da P, abajadanmu babu P babu Q babu V babu X, shi ya sa zaka ji mutum yace fanka yace panka duk ɗaya ne a wajensa. Takardar yaron nan ta cire O ta kawo P, ga F kuma tana nan a sama, sai an wayi gari Malam wane da aka ce ya je layin P can baya ya zo ya zauna a layin F kusa da manyan baƙi kuma wlh ba mai iya tada shi.

Ga wata kuma da nake fama da ita kullum a aji. Harafin E da turanci i ake kiransa, mu kuma a darasin Hausa I ce i. A da turanci e ake ce mata, mu kuma E ce e. In yaro yace layin e, A yake nufi ko E? Sai ka tambaye shi da wane yare yake magana. G da J ma haka, ji da je, a lasifika duk ɗaya suke fita. M da N kuwa ko a waya sai an maimaita. Matuƙan jirgi da sojoji ai saboda haka suke cewa Alfa, Birabo, Cali maimakon A B C, don kunne ma yana da nashi ruɗanin ba ido kaɗai ba.

Ni dai a ganina kwafo tsarin wasu ba tare da duba mutanenka ba shine matsalar. Su sun cire abinda ke ruɗa nasu mutanen, I da O ɗin a cire ba laifi, amma namu masu ruɗa mun suna nan daram a takardar.

Mai Fenti Jahun:

Kai jama'a ngd sosai Allah ya bar zumunci. Malama maganarki ta shige ni don ni kaina yanzu da na faɗi F da P a bakina sai da na yi dariya. To yanzu ya zan yi kenan, in cire P da Q ɗin ma? In na cire su daga N sai R sai S, S ɗin ma a fenti in hannu ya ɗan karkace 5 take komawa, sai dai in sa T. Kunga A zuwa H, J K L M N, R, T. Anya hedimasta zai yarda da wannan kuwa, ya zama kamar haƙoran tsohuwa

Mai Gareji Dambatta:

A'a wannan kuma ya yi yawa. Amfanin harafi ai shine mutum ya san in ya ga M to N na gabanta, in ka cire uku a jere mutum zai tsaya a N yana neman inda R take ya zata ya wuce. Tsallake ɗaya ba a ji, tsallake uku a jere kuwa sai an sa mai nuna hanya.

Baban Hanifa:

Tsaya in tambaye ka, kowane benci mutum nawa yake ɗauka, kuma hanya a tsakiya take?

Mai Fenti Jahun:

Eh hanya ce a tsakiya, maza dama mata hagu, kowane gefe an auna mutum takwas ne a layi.

Baban Hanifa:

To ai magana ta ƙare, ka juya tsarin kawai irin na jirgi. Layuka su ɗauki lamba 1 zuwa 15, mazaunai su ɗauki harafi A zuwa H a kowane gefe. Takwas daidai H take tsayawa, baka kai I ba balle O balle P, babu abinda ka tsallake babu yaron da zai ce baka iya ba. Lamba kuma kowa ya santa da Hausa, ace wa dattijo layi na bakwai ko bai taɓa shiga aji ba zai ƙirga bencina da sandarsa ya isa, tunda yana ƙirga kuɗi yana ƙirga buhu. Gefen maza ka yi rubutun da shuɗi na mata da kore ko ja don kar 7C biyu su rikice. Kuma ka rubuta lambar layin babba a gefen bencin ta bakin hanya inda mai shigowa zai gani, kar ka sa a saman da za a zauna a kai, wata uku riguna sun goge shi. Shi yaron na Dutse ka tura masa hoton sabon tsarin kafin ka fara kar yaji an raina masa aiki, tunda shi ma ba kuskure ya yi ba.

Malama Maman Sadiq:

Wannan ya yi, saura A da E ɗin nan, amma tunda a layi ɗaya suke ko an ruɗe matsawa kawai za a yi ba tashi ba. Sai dai maganar mutum takwas a gefen mata kam a takarda ne, ranar taro kowace da goyo da na hannu da 'yar rakiya, in baku samu sha biyu a benci ba ku zo ku tambaye ni.